Ranar da Farfesa Ta Ce Ba Ta Sani Ba

Yayata ma'aikaciyar jinya ce kafin ta ajiye aiki ta mayar da teburin cin abinci aji. Ɗalibarta ɗaya tak, 'yarta, wadda muke tsokana da Farfesa. Dangi sun sha cewa za ta lalata yarinya, shi ya sa Yaya ta ƙirƙiro wata ɗabi'a: duk baƙon da ya zo, sai ta kira Farfesa ta jefa mata tambayoyi a gabansa. Ni kuwa, uwar 'yan zuga, ni ke fara tafi.

Da Farfesa ta cika sha uku muka tafi hutu wani masauki a bakin ruwa. Can ta yi ƙawa ta farko a rayuwarta, 'yar wani direba da suka sauka a ɗakin kusa da namu. Kwana biyu suna tsintar duwatsu suna ƙus-ƙus.

Rana ta uku muna zaune a baranda, direban ya ce, "Wai a gida 'yarku take karatu? Anya kuwa?"

Yaya ta gyara zama. Ni na ƙwala wa yarinyar kira, ta zo riƙe da hannun ƙawarta.

"Goma sha bakwai sau shida?" in ji Yaya.

"Ban sani ba, Mama."

Aka sake wata tambayar, aka sake wata. Amsar ɗaya ce. Direban ya yi 'yar dariya ya ce ai yara sai a hankali. Yaya kamar ta nutse.

Na ja Farfesa ɗaki na rufe ta da faɗa. "Abin da kika iya tun kina shekara takwas? Kin kunyata uwarki!"

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ido cikin ido, a lokacin na lura tsawonmu ya zo ɗaya.

"Anti, ƙawata ta faɗi jarrabawar lissafi bana, babanta har ya daina yi mata magana sati guda. Da na amsa, ita zai juya ya kalla."

Yaya na bakin ƙofa, ta ji komai. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shekara bakwai muna nuna yarinyar nan ga mutane, ba mu taɓa duban yaran da ke tsaye a gefenta ba.

"Zan iya komawa?" Farfesa ta tambaya. "Tana jirana."

Yaya ta matsa ta ba ta hanya.