Ranar da Na Tarar da Malama Cikin Akwati

Ko da zan manta da komai a rayuwata, ban da ranar da na kai wa malamarmu kifi a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi.

Malama 'yar ƙasar Zuru ce, 'yar Katolika, ita ta koya mana lissafi a sakandare a Argungu, kuma duk muna kiranta Mama. Da ta yi ritaya ta koma Birnin Kebbi, sai ta tattara ƙarfinta ta ba coci: ita ce shara, ita ce koyar da yara, ita ce duba marasa lafiya. Mace ce da ba ta barin aikin gobe sai gobe.

Ranar innata ta ba ni busasshen kifi in kai mata. Na iso da azahar, na yi sallama har na gaji, sai na tura ƙofar falo. Tsakar ɗaki ga dogon akwati na katako, ga Mama kwance ciki, sanye da ankon matan coci, hannuwa bisa ƙirji riƙe da carbi, ido rufe. Ni da ko makara ban taɓa matsawa kusa da ita ba. Ban san lokacin da na watsar da kifin ba, sai ganina na yi gidan Hajiya maƙwabciyarta, takalmi ɗaya a ƙafa.

Hajiya ta ce, "Ke ɗiya, mi ya koro ki?"

Na ce, "Mama ta rasu, har an sa ta akwati."

Babu wadda ta tsaya tambayar wa ya sa ta. Hajiya ta yi salati, ta buga wa babbar ɗiyar Mama waya a unguwar Gesse, matan unguwa suka cika ƙofar falon, ni ina laɓe bayansu. Aka rasa mai shiga, don ba mu san yadda suke yi da mamacinsu ba.

Daga bakin ƙofa Hajiya ta fara kuka tana cewa, "Matar nan ita ta kwana asibiti da ni sa'ad da ɗana ya ƙone. Azumi bai taɓa wucewa ba ta aiko muna da ƙanƙara ba. Ba ni da maƙwabciya kamarta."

Sai muka ji murya daga cikin akwati: "Hajiya, ashe kina da bakin faɗin haka? Ni kullum ƙarar awakina kawai kike kawowa."

Mama ta tashi zaune tana laluben tabarau. Ban ga tafiyar Hajiya ba, gyalenta kawai na gani a ƙasa. Ni kam na zauna daɓas bisa kifin.

Ashe akwatin ita ta sa kafinta ya yi mata tun tana da rai, don kada ranar mutuwarta ta zo yaranta su yi ta kai-komo. An kawo shi da safe, ta dawo daga taron mata a gajiye, ta shiga ta gwada, barci ya ɗauke ta. Ta dube ni ta ce, "Ke da na koya wa duba amsa kafin ki miƙa takarda, ba ki iya taɓa ni ba?"

Matan suka fashe da dariya. Dariyar ta tsaya ne da ɗiyar Mama ta faɗo gidan ba ɗankwali, ta ga uwarta zaune. Ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta. Mama ta daɗe tana shafa kan ɗiyar, sannan ta ce a hankali, "Yi haƙuri, uwata. Don in rage miki wahala na yi." Can kuma ta ƙara da cewa akwatin ya matse ta a kafaɗa, a kira kafinta.

Bara Mama ta rasu da gaske. Na je cocin, amma daga baya na tsaya, zuciyata na ce mini yanzu za ta tashi. Ba ta tashi ba. Mutane suka yi ta miƙewa suna faɗin alherinta, ni kuwa ina tunanin cikinmu duka Hajiya kaɗai ta samu ta faɗa mata tana ji. Tun ranar, in mutum ya yi mini kirki, a gabansa nake faɗa, tun yana iya ba ni amsa.