Manzo Kar-Dai, Mutumin da Ya Ari Gona a Barmu

A da, tun kafin a kaɗa ƙarfen shiga aji, in ka bi ta bayan kwalejin garinmu Tawa, za ka hangi wani dogon mutum sunkuye a tsakiyar filin ƙwallo, da tsohuwar ƙwarya a hannu. Manzo Illa ke nan, mataimakin mai horar da 'yan wasan kwaleji. Ƙaya yake tsinta, da ƙarangiya, da tsakuwar nan ta Adar mai kaifin tsiya. Yawancin 'yan wasansa ba su da takalmi, ƙasarmu kuwa kun san halinta, ka tsince dutse yau, gobe ta fito da wani. Yana tsinta yana gunaguni: "Kar dai wani ya taka. Kar dai iska ta maido." Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Manzo Kar-Dai, shi kuwa ko a jikinsa.

Kai, fargabar bawan Allan nan ta isa! In an ci su, tuwo ba ya wuce masa wuya. In su suka ci, sai ya shiga tsoron kada girman kai ya kama su. Ɗan baduku ne, ta ɗinki ya shigo harkar. Tun zamanin Nasara aka kai wa ubansa ƙwallon fata da ta fashe, Manzo ya ɗinke ya kai fili, ya tsaya kallo, shi ke nan bai sake zama rumfar dukanci ba. Ya hura wa ƙwallo iska, ya ja layin fili da toka, ya yi wasa a matsayin ɗan baya har gwiwarsa ta goce. Da aka sami 'yancin kai, Baturen da ke horaswa ya tafi, aka kawo wani malami daga Damagaram, Manzo na mataimaki. Wannan ya tafi, wani ya zo, Manzo na nan dai na mataimaki. Abu guda ya rasa: takardar shaidar horo.

Wata shekara, ana dab da komawa makaranta bayan damina, darakta ya kira shi.

"Manzo, za a horar da masu koyar da wasa a Yamai, an ba mu wurin mutum guda. Kai na sa. Kamiyo, babbar motar nan, zai tashi Litinin da safe, kuma ba ya jiran kowa."

Ya isa gida da labarin. Matarsa Habsatu ta rangaɗa guɗa, ta wanke masa rigar Salla. Shi kuwa sai kai da kawowa yake yi: "Kar dai in makara. Kar dai su fasa."

Ana haka 'yan wasa suka fara dawowa daga ƙauyuka, ban da mai tsaron gida, Attahiru ɗan garin Barmu, wanda ke shekararsa ta ƙarshe. Wani abokinsa ya kawo labari: kurkunu ya kwantar da ubansa Almustafa, hatsi ya nuna a gona, tsuntsaye sun sauka, tsoho ya ce boko ya ƙare. Wanda bai zo ranar buɗe makaranta ba kuwa, wurinsa na wani ne.

Manzo bai yi dogon tunani ba, nan kuwa ya yi kuskure. Ya tara 'yan wasan, suka bi motar wani ɗan kasuwa ranar Asabar, da nufin su girbe gonar su juyo Lahadi. Suka dira ƙofar gidan Almustafa ana waƙa ana tafi, mutanen gari suka firfito kallo. Ya manta abin da ko yaron goye ya sani a Adar: mai gona shi ke kiran gayya. Ka kai wa mutum gayyar da bai kira ba, ka shelanta wa duniya ke nan cewa ya kasa.

Aka fito da tsohon bisa tabarma, ƙafa a kumbure. Ya dubi taron, ya dubi maƙwabta, fuskarsa ta murtuke.

"Wa yac ce maku na kasa? Ni Almustafa ankai wa sadakar hannu? Ku koma inda kunka fito. Attahiru, shige gida!"

Waɗanda ke wurin sun ce sun ga gumi na bin wuyan Manzo. Ya san in suka juya, yaron nan ya bar aji har abada, kuma shi Manzo da hannunsa ya rufe ƙofar. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ka yi haƙuri, ba gayya munka kawo ba. Roƙo na zo. Dube su, zaman aji ya kashe masu jiki, gudu kaɗan sai haki. Ka ara mani gonarka in gasa su ciki, don Allah."

Tsoho ya ƙare masa kallo. Ya gane dabarar sarai, ai ba yaro ba ne. Can ya gyara zama.

"To, Malam, in aro kake so na ba ka. Amma ban son aikin 'yan birni. A girbe, a yanke zangarniya, a ɗaure damma, a kai rumbu. Kuma kai da ka ara, kai za ka tsaya har damin ƙarshe. In ka tafi ka bar mani su, ɗiyana ba shi zuwa ko'ina."

Manzo ya dubi gonar, ga ta nan shimfiɗe har gindin dutse. Ko aljanu aka kira ba za su gama ta kafin Litinin ba. Attahiru ya matso: "Baba Manzo, Yamai fa?"

"Rufe mani baki, ɗauko magirbi."

Ranar Litinin da hantsi, lokacin da kamiyon Yamai ke barin Tawa, Manzo na tsakiyar gona, ƙaiƙayi ya cika masa wuya. Yaran sun ce sau ɗaya ya miƙe ya dubi kudu, ya daɗe tsaye, sannan ya juyo ya daka tsawa: "Kar dai wani ya yanke yatsa!" Sun shigo gari ranar buɗe makaranta, Attahiru na tsakiyarsu. Habsatu ta ninke rigar Salla ta mayar cikin adaka. Wurin nan na Yamai bai sake zagayowa kansa ba.

Kai ne, Manzo, ka ɗinke ƙwallo, ka ɗinke mutuncin tsoho a gaban maƙwabtansa. Kai ne uban marasa takalmi. Masu takarda sun zo sun wuce, mun manta sunayen wasu, amma duk wanda ya taɓa gudu a filin nan ba ƙaya a ƙafarsa ya san aikin wane ne.

Bana gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, likita ya ce ya bar fili. Ranar wasansa na ƙarshe Attahiru ya zo daga Tebaram, inda yake koyarwa yanzu. Bayansa sai ga Almustafa, ya tsufa tukuf, yana jaye da jaki ɗauke da damin hatsi. Ya sauke a gaban Manzo, ya kama hannunsa ya ƙi saki.

"Malam, sai daga baya yaron nan ya gaya mani zancen kamiyo. Kai ka ari gonata, ka maido ta da rumbu cike. Ni na ari tafiyarka, ban da yadda za ni maido."

Manzo ya buɗe baki, ya rasa ko da "kar dai" guda, hawaye suka zubo masa.

Mun gode, Manzo ɗan Illa, Allah ya saka maka, ya sanyaya gwiwar nan. Amma fargabar taka ta dawo kanmu. An koma makaranta, iska na ta zubo ƙarangiya, kuma jiya da safe filin ba kowa. Ku da kuka ci moriyarsa, ƙwaryar tana nan rataye jikin ƙofar ɗakin kaya. Wani ya je ya ɗauka, kar dai wani ya taka.