Uku da Rabi a Sikelin Asibiti

Innarmu har yau da laba take sanin nauyin jariri. A ƙaramin asibitin mishan da ke kusa da ƙauyenmu, can wajen Kunci, ta haife mu, kuma a zamanin da laba ake awo. Ni laba bakwai na zo, kuma da shi take yi mini gori duk ranar da ta ga na rame. Yayata da ta riga ni kuwa laba huɗu ta zo, ba ta kai ranar suna ba. Inna ba ta cika maganarta ba, amma kowa a gidan ya sani.

Da matata ta sauka a Ɗambatta, inda nake koyarwa, na kira Inna baki har kunne. Ba ta tambayi mace ko namiji ba, nauyi ta fara tambaya. Na ce uku da rabi, kamar yadda malamar asibiti ta faɗa mini. Sai ta ce to, Allah ya raya, ta kashe waya.

Lokacin cirar gyaɗa ne, ko gobara ba ta ɗaga Inna daga gona a irin wannan lokaci. Amma kafin la'asar sai ga ta a bayan babur, rungume da ƙunshin kaya, idanunta sun yi jawur. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta wuce ɗakin masu jego, ta buɗe zanen da aka lulluɓe yaron da shi. Ga ƙato nan kwance, kumatu kamar an cusa masa fura.

Ta juyo ta harare ni, ta ce wane irin ɗan banzan wasa ne wannan? Sai a lokacin na gane. Na ce Inna, ai da kilo ake awo yanzu, kuma kilo ɗaya ya ɗara laba biyu, yaron nan ya kusa laba takwas. Ta ce in tafi can da kilona, boko dai bai koya mini magana da mutane ba.

Ta ɗauke shi, ta ɗan jijjiga shi a tafin hannu kamar mai tayin kabewa a kasuwa.

"Wannan angon nawa ai ya fi ubansa," in ji ta. Tausayinta ya kama ni har na kasa dariya.

Da matata ta kwance ƙunshin, ga daddawa, ga kanwa ta kunun jego, a can ƙasa kuma ga sabon farin alawayyo a ninke, ɗan daidai likkafanin jariri. Muka dubi juna. Inna ta miƙo hannu ta karɓe shi, ta sa haƙori ta yayyaga shi gida-gida, ta ce a riƙa yi wa angon nata ƙunzugu.