Kayan da Kaka Verlene Ta Ɗauka

A bakin Mama na fara jin sunanta, ranar da Baba ya shigo falo da takalmin gona. "Ci gaba," in ji Mama, "wata rana sai na yi maka irin ta Verlene." Baba ya koma ƙofa ya tuɓe, ba musu.

Yayar kakanmu ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi da Delbert Haskett a gonarsu ta masara a jihar Nebraska, tana ɗinka wa 'yan matan gari rigunan amarci. Delbert ba mugu ba ne, Allah ne dai ya yi shi ba ya lura. Ya wanke kayan injin tarakta a bahon wankanta, ta yi shiru. Ya yi jinyar ɗan maraƙi a kicin har sanyi ya wuce, ta yi shiru. Ranar da aka sallame ta bayan haihuwa ya biya gwanjon shanu, ya dawo gida da bijimi, ita tana asibiti tana jira.

Wata rana da hantsi ta leƙa ta taga, ta hango shi yana datse wayar shinge da almakashinta na ɗinki.

"Delbert, mene ne a hannunka?"

"Wannan? Ke tsohuwa, ai ci gare shi! Ina kika ɓoye shi duk shekarun nan?"

Ta kashe murhu, ta ɗauki keken ɗinki da kyanwarta, ta tsallaka titi zuwa gidan ƙanwarta. Shekara goma sha tara tana can. Ba saki, ba faɗa. Duk Lahadi Delbert zai zo cin abinci, hula a hannu, ya ce, "Wai duk a kan almakashi?"

Haka gari ma ya ɗauka. Daga coci har shagon aski sunanta matar da ta bar miji saboda almakashi. Wannan ya fi ci mata rai fiye da Delbert kansa.

Da na fara rubuta tarihin dangi, na same ta a gidan kula da tsofaffi. Na ce mata ai an ce tsinken ƙarshe ke karya bayan raƙumi.

"Raƙumi! Uban wa ya taɓa ganin raƙumi a garin nan? Maganar gaskiya ce, sakarkaru ne ba su iya ta ba. Kowa tsinken yake kallo, ba mai tambayar wa ya yi lodin." Ta damƙi hannuna. "'Yar nan, in kin zo kaina a littafin naki, ki jera kayan tukuna, ɗaya bayan ɗaya. Almakashin, ki bar shi can ƙarshe."