Ƙusar da Yaya ya zana

Yayana mai fenti ne. Aikinsa a Riyad shafa wa gidajen mutane farin fenti daga safe har la'asar, amma a gida zane ya karanta, kuma abin bai taɓa sakinsa ba. Ni direba ne. Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Shifa, a saman wani shagon faci, kuma bangon ɗakin nan ne ya sha hannunsa.

Ran Juma'a in mun sauko daga masallaci, sai ya jawo ragowar fentin da ya tsinto a wurin aiki ya zauna gaban bango. Wasu tsofaffin masu zane na ƙasar Holan yake bi. Yakan nuna mini aikinsu a waya: tebur, kofin gilashi, lemo an fere shi rabi ɓawon na reto. Ya ce su har ƙuda suke ɗorawa a kan lemon don ido ya ƙara ruɗewa, amma shi ba ya zana mai rai. Nakan ce, "Yaya, kai dai ba ka da aikin yi." Ko kallo ban ishe shi ba.

Kantar ajiye kaya ya zana. A kanta akwai kwanon sha mai lotsawa a gefe irin na Innarmu, da goro cikin ganye, ɗaya an ɓare shi ya fara bushewa, da wuƙa wadda ƙotarta ta leƙo kamar za ta faɗo. Inuwar kowanne da hasken tagarmu ya auna ta. Can gefe kuma ya zana ƙusa, har da tsatsarta, bai faɗa mini ba. Na dawo aiki a gajiye na rataya hulata, hula ta faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake ratayawa. Ya yi dariya har da tari, ni kuwa haushi ya sa na yini ban kula shi ba.

Da zafin bazara ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Zuciya ce, in ji likita. A nan aka yi masa salla, a nan aka binne shi. Kaburburan garin nan ba a rubuta musu suna, dutse ne kawai a kai da ƙafa. Da na koma ziyara na kasa gane nasa. Na tsaya a tsakiya kamar wawa, na yi wa duk na wajen addu'a na dawo. Daga ranar, in ina son ganin Yaya, bango nake kallo.

Sai kafil ɗina, wanda zamana a ƙasar ke hannunsa, ya mayar da ni masaukin direbobi a hanyar filin jirgi. Ƙa'idar gidan haya kuwa, yadda ka sami ɗaki fari haka za ka mayar da shi. Na roƙi mai gadin gidan, wani dattijo ɗan Sudan, a bar bangon. Ya ce, "Ɗana, ba gidana ba ne." Na gwada ɓamɓare filastar da wuƙa, ta marmashe a hannuna. Na ɗauki hoto a waya, amma a waya ba wanda zai kai hannu ya ɗauki goron.

Da burushin Yaya na shafe shi. Kwanon na fara rufewa don shi ya fi ci mini rai, sannan goron, sannan wuƙar. Ina yi ina masifa ni kaɗai, ban ma san da wa nake ba. Ƙusar ce kawai na bari. Na ce a raina wa zai damu da ƙusa.

Dattijon ya hau dubawa. Ya kalli bangon ya gyaɗa kai, sannan ya nuna da yatsa.

"Komai ya yi. Cire ƙusar nan ka ba ni makulli."

Na ce, "Baba, ba ta ciruwa."

Ya ɗauka taurin kai ne. Ya sauka ya dawo da filaya, ya kai mata cafka, filayar ta karce bango. Ya sake kaiwa. Sai ya tsaya, ya shafa wurin da ɗan yatsa.

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. Ya sunkuya ya ɗauko burushin ya miƙo mini, ya juya mini baya.

Shafa ɗaya ta ishe ta. Har yau abin da ke ba ni haushi ke nan.