Faten Accar Baba

Shekarar da likita ya ce Babanmu yana da ciwon suga, ni ce na ɗauki hutu daga wurin aikina a Kaduna na koma Kafanchan. Mamanmu ba ta daɗe da rasuwa ba, yayyena maza kuma suna kudu da iyalansu. Ba a ma yi wata shawara ba, kowa ya san ni ce zan je.

Na same shi ya kasa zama wuri ɗaya. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ƙafarsa ta saba da tafiya, kuma tun da ya yi ritaya Mama ce kaɗai ke iya zaunar da shi. Yanzu sai ya fita ƙofar gida ya dawo, ya kunna rediyo ya kashe, ya leƙa kaji, ya ɗauki hula ya ajiye. Ni ma ban fi shi ba. Wayar ofis ba ta barina, hankalina rabi a Kaduna rabi a kan tukunya.

Likita ya hana shi shayi mai suga da lemon kwalba, ya ce a rage burodi da tuwon shinkafa, a yawaita ganye da wake da acca. Da na faɗa masa, sai ya dube ni.

"Acca? Uwata, na gama cin nawa acca tun ina yaro."

Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ce a ƙauyensu, can bayan Zonkwa, acca ce ke fara nuna a lokacin da rumbu ya zama wayam, don haka shi a wurinsa abincin yunwa ce. Ya ce ya shiga aikin reluwe ne don ya ci burodi.

Sai na bar acca na kama wasu abubuwan. Na yi masa wake da alayyafo. Na yi kwaɗon zogale da ƙuli. Na yi farfesun kifi da ɗanyar citta irin ta Kachia, wadda ke sa mutum gumi tun kafin ya kai cokali na uku. Na dafa ɗanyen agada da miyar ganye. Kowanne sai ya taɓa kaɗan, ya ce an gode, ya ɗauki hularsa ya fita. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Ni kuwa in ya fita sai in shiga in fita, in buɗe tukunya in rufe, in kira wata babbar ƙawata ta zumuntar mata a coci in tambaye ta me kuma zan gwada.

Wata safiya na bi shi a baya. Ya bi gefen layin dogo, inda ciyawa ta rufe ƙarafunan, har ya kai teburin wani mai shayi kusa da tsohuwar tasha. Nan na gan shi a zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tsakanin tsofaffin abokan aikinsa, da kofi a hannu. Raina ya ɓaci. Na ƙarasa ban ko gaishe su yadda ya kamata ba.

"Uwata, kin zo kama ni?"

"Baba, me likita ya ce?"

Mai shayin, wani dattijo Musulmi da iyayensa suka daɗe suna kasuwanci a garin, ya ɗago kai ya ce, "'Yata, tun da ya dawo daga asibiti ban sa masa suga ba. Ruwan citta ne da kanumfari."

Na rasa inda zan sa idona. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, suka amsa suna dariya ƙasa-ƙasa. A hanyar komawa Baba bai yi mini faɗa ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Abincinki ba shi da laifi. Amma kina ajiye mini kwano, ki tsaya a kaina kina ƙirga loma kamar nas. Mamanki tare muke ci."

Da yamma na shiga kasuwa na sayo acca, don na ga babu abin da ya rage ban gwada ba sai ita. Washegari na yi fate, na zuba mana a kwano ɗaya, na zauna a tabarma kusa da kujerarsa. Ya yi addu'a, ya kai cokali baki, sai na ji ƙaras. Tsakuwa. Ni ma na kai nawa, yashi ya cika mini haƙora. Ashe na yi sauri wajen wanke accar, kamar yadda nake sauri a komai.

Ya ajiye cokalin ya miƙe. Na ɗauka hula zai nema. Sai na ga ya nufi kicin, wurin da ban taɓa ganinsa a ciki ba tun da aka haife ni.

"Kawo ƙwarya biyu da sauran accan."

Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya zuba ruwa, yana juya ƙwaryar a hankali, acca na gangarawa cikin ɗayar, yashi na kwanciya a ƙasa. Ya zubar, ya sake, ya kuma sakewa. Ya ce shi ne ɗan fari kuma mahaifiyarsa ba ta sami 'ya mace da wuri ba, don haka shi ke yi mata wannan aikin kafin ya tafi makarantar mishan. Ya sa na jiƙa wake, na daka gyaɗa da daddawa, na yanka kabewa da gauta. Da na ɗauko dunƙulen miya ya ce in mayar. Manja ma ɗan kaɗan ya bari. Ganye kuwa ya zuba har na ce ya yi yawa, alayyafo da yakuwa, sai da tukunyar ta koma kore.

Faten ya yi tsami-tsami, da ɗan ɗacin gauta a bayan harshe. Muka cinye, ya sa yatsa ya suɗe gefen kwanon.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Sugan yana hawa yana sauka, wata rana ya tashi da jiri, wata rana ya yi fushi ya ce shi burodi zai ci ko me zai faru. Rashin zamansa ma bai tafi ba, sai dai ya sami inda zai nufa. Ya nome ɗan filin bayan gida da Mama ke shuka ganye, ya zuba irin yakuwa da rama. Ya tura ni har kasuwar Zonkwa neman ƙananan gauta, ya ce na Kafanchan ba su da ɗaci. Ranar Lahadi bayan sujada ya gayyato abokansa har da mai shayin, suka zauna ƙarƙashin mangwaro suna gardama ko yakuwar ta yi yawa.

Hutuna ya ƙare ban shirya ba. Ranar da zan tafi ya tashi da wuri ya yi fate, ya cika mini ƙaramar kula, ya ɗaure ta da tsohon ɗankwalin Mama. Ya raka ni tasha, bai jira motar ta cika ba ya ce yana da ban ruwa, ya juya.

Kafin mu kai Kachia motar ta faɗa wani rami, murfin kular ya goce, fate ya zubo mini a zane. Ƙamshin daddawa da yakuwa ya cika motar. Wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini tsumma, ta sunkuyo ta shaƙa.

"Wannan hannun tsohuwa ne. Mamanki ta yi?"

Na ce mata Babana ne. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce in bar wasa. Na ciro cokali daga jaka na miƙa mata, muka ci abin da ya rage motar tana ta girgiza mu.