Tafiyar Mai Faci a kan keke

Mai Faci muke kiransa, ko matarsa in ta aiko nemansa haka take cewa. Rumfarsa na jikin shagona, a bakin titin da manyan motoci ke bi su fita gari. Ni batir nake sayarwa. Shi kuwa dukiyarsa injin ba da iska ne mai tari kamar tsohon mashayin taba, da bahon baƙin ruwa inda yake tsoma tub ya nemo huji, da ƙarafan cire taya da suka yi santsi saboda riƙo. Mutum ne mai raha. In direba ya tsaya ciniki, sai ya ce, "Iskar kyauta ce, maigida, kuɗin tura ta ciki nake karɓa."

'Ya ɗaya Allah ya ba su, kuma da sikila ta zo duniya. Sai ta yi wata biyu garau tana tsalle a gaban rumfa, rana ɗaya ciwon ya kama ƙasusuwanta har ba a iya taɓa ta. A bayan kasuwa akwai wani ɗaki da iyayen yara masu irin wannan ciwo suka haɗu suka kama haya, wata tsohuwar nas da kowa ke kira Sista take riƙe da shi. Gadaje uku ne a ciki, da ƙaramin firij, da ƙarfen rataya ruwa. Can Mai Faci yake sungumar yarinyar ya kai ta, a sa mata ruwa, a yi mata allurar rage zafi, ba bin layi, ba tambayar me ya zo da shi. Da ɗakin nan ta rayu har ta kusa gama sakandare. Sannan wani ciwo ya zo da ya fi ƙarfin ɗakin, ya fi ƙarfin babban asibitin da aka tura su, ta rasu.

Bayan rasuwar, raharsa ta ragu, amma bai daina zuwa wurin Sista ba. Shi ke gyara fanka, shi ke ɗaure ƙafar gado in ta yi lakwas. A irin wannan zuwa ne Sista ta gaya masa mai gida ya ƙara haya, kuma mutanen da ke aiko da magani sun ce sun gaji.

Yana da ƙanwa da ke aiki a shagon sayar da waya. Ita ta kawo shawara, a gabana.

"Yaya, yanzu ba a bin mutane ofis-ofis. Shafi ake buɗewa a intanet. Ka ce za ka yi wani abu mai wuya saboda ɗakin Sista, mutane su ɗauki nauyinka, kowa ya tura abin da ya samu."

"Wane abu mai wuya kuma? Ni ban da cire taya me na iya?"

"Kekenka fa? Ka tuka daga nan zuwa garin babban asibiti, ka dawo."

Ya dubi keken da ke jingine a bango, ya ce, "Ni da shi ban san wanda ya fi tsufa ba." Amma washegari na same shi yana shafa wa sarƙa mai.

Wurin hoto suka sami saɓani. Ƙanwar ta so a sa hoton yarinyar tana kwance da robar ruwa a hannu, ta ce irin wannan ne ke taɓa zuciyar mutane. Ya ce a'a.

"Ta sha ciwonta a ɓoye, ba zan baje shi a kasuwa ba. Ki sa ni da keken."

Haka aka yi. A ƙarƙashin hoton akwai wani dogon layi da ke cika da kore in kuɗi na shigowa. Kullum da azahar ƙanwar takan leƙo ta nuna masa. Mutane sun danna alamar so, sun rubuta addu'o'i, wasu sun ce shi gwarzo ne. Koren kuwa bai wuce faɗin farce ba.

"Sai ka fara tafiyar za su turo," in ji ta. "Mutane sai sun gani."

Na rufe shago na bi shi a babur, ina ɗaukarsa da waya ina tura wa ƙanwar. Ranar farko ya yi tuƙi kamar saurayi, yana ɗaga wa direbobin da suka san shi hannu. A rana ta biyu, a wata gangara, tayar gaba ta fashe, keken ya karkace, ya wuntsila cikin kwata. Ya fito jikinsa duk taɓo, gwiwa na jini, ya zauna a bakin titi ya yi facin da hannunsa, ya sake hawa. Ƙanwar ta sa wannan bidiyon a shafi don mutane su ga wahalar da yake sha.

Sun gani kuwa. Kafin mu dawo gida bidiyon ya zaga ko'ina, sai dai an yanke shi, an bar faɗuwar kawai, an ɗora kiɗa da muryar dariya, an rubuta cewa yau mai faci ya yi faci. A inda muka tsaya shan ruwa wasu samari suka gane shi, suka roƙi ya tsaya a yi hoto. Ya tsaya. Ya ce musu akwai shafi, don yara marasa lafiya ne. Suka ce to, to, suna kallon hoton da suka ɗauka.

Ya gama tafiyar da gwiwa a kumbure kamar ƙwarya. Sista da iyaye kaɗan suka tarye shi a ƙofar ɗaki, aka tafa. Koren ya motsa, amma ko kwatan layin bai kai ba.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwar ta zo fuskarta ba daɗi. Wani da ba a san ko wane ne ba ya buɗe shafi na biyu da hoton Mai Faci, ya haɗa da hoton wata yarinya a gadon asibiti, ya ce 'yarsa ce, tana bakin mutuwa. Wannan shafin ya cika layinsa har ya zarce. Da masu bayarwa suka gane, suka kai ƙara, sai kamfanin da ke da dandalin ya rufe duka biyun, ya riƙe kuɗin har sai an yi bincike. Ƙanwar ta yi ta aika saƙo da hotunan katin shaida. Amsa iri ɗaya ke dawowa, cewa ana dubawa, kuma ba sunan mutum a ƙasa.

A unguwa kuwa magana ta juya. Direba zai tsaya a ba tayarsa iska ya ce, "Mai Faci, an ce ka yi kuɗi, har yanzu kana nan cikin rana?" Wasu da wasa suke faɗa, wasu ba da wasa ba. Wata mata ta zo takanas ta ce ta tura kuɗin cefanenta saboda 'yarsa, ashe 'yar ta daɗe a ƙasa. Ya tashi tsaye ya yi mata bayani tun daga farko. Ta saurara, ta ce, "Allah dai na gani," ta tafi. Ranar bai ƙara karɓar aiki ba.

Mai gida bai jira bincike ba. An fitar da gadaje, an sayar da firij, yanzu wurin shagon tayil ne. Da kamfanin ya saki kuɗin, bayan watanni, ya cire kasonsa, abin da ya rage Sista ta sayi magani da shi ta riƙa rabawa a falonta. Bai daɗe ba ya ƙare. Daga baya hawan jini ya kwantar da ita, ɗanta ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki.

Ƙanwar ta sake tayar da maganar sau ɗaya. Ta ce yanzu ta san kan abin, a sake buɗewa, a samu wani sananne ya tallata.

"Ki bari, auta," ya ce. "Ɗakin ma da za a tara wa, yana ina?"

Gwiwar ba ta koma daidai ba. A zaune yake aiki yanzu, a kan tsohuwar taya, kuma ya daina karɓar na manyan motoci don ba ya iya danna ƙarfe da ƙafa. Matarsa ta fara ɗinki a gida don cike gurbi. Ba ya maganar tafiyar, ni ma ba na tayarwa.

Sai dai fuskarsa ta riga ta shiga wayoyin mutane. Har yanzu, jefi-jefi, wata uwa takan sauka daga mota da yaro a kafaɗa, idanunsa rawaya, yana nishi, ta ce an gaya mata mai facin nan ya san inda ake taimakon masu sikila. Yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya gaya mata wurin ya tashi, ya kwatanta mata hanyar babban asibiti, ya ce ta dage a sa wa yaron ruwa da wuri. In yana da na mota ya ba ta. In babu, sai ya ɗingisa zuwa bakin titi ya tsayar da direban da ya sani, ya roƙe shi ya rage musu hanya.